Amsoshin Tambayoyinku: Wayar Faiba, Tabarau da Tsani

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan wayar faiba suke, wato wayar zaren gilashi mai kawo intanet ta hanyar haske, wasu daga masu gida, wasu daga matasan da suka shiga sana'ar jan ta. Na zaɓi shida.

*"Malam, za a zo a ja mana faiba cikin gida, kuma ina da ɗa mai rarrafe. An ce akwai leza a cikin wayar. In hana su ne?" (Wata uwa)*

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki bar su su yi aikinsu. Hasken a cikin zaren gilashi yake tafiya, muddin wayar na jone da akwatinta ba ya fitowa, kuma wanda ake kawowa gidaje ba shi da ƙarfi sosai. Abin da nake so ki sa wa ido shi ne ƙasan ɗakin. Duk inda mai aiki ya fere waya ya yanke bakinta, sai guntun gilashi ya faɗi. Kaurinsa maikuron 125 ne, kusan silin gashi, ga shi garau, ba ya ganuwa a daɓe. Mai rarrafe kuwa tafin hannunsa a ƙasa yake, daga nan sai baki. Ki fitar da shi har su gama. Ki tambayi mai aikin inda yake zuba guntayensa. Idan ya nuna miki 'yar kwalba mai murfi, kin dace da wanda ya san aiki. Idan ya tsaya sosa ƙeya, ki sa ya shimfiɗa wani abu kafin ya fara. Bayan sun tafi ki bi wurin da salatif mai faɗi, ki danna ki ɗaga, sannan ki goge da jiƙaƙƙiyar takarda ki ƙulle ki jefar. Kada ki sa tsintsiya, warwatsa su kawai za ta yi. Akwatin kuma a kafa shi sama, inda ƙaramin hannu ba zai kai ba.

*"Intanet ɗina ta ɗauke. Na zare wayar na leƙa bakinta, ban ga haske ba. Ta mutu ke nan, in sayi sabuwa?" (Mai shago)*

Kada ka sayi komai, kuma kada ka ƙara leƙawa. Da nanomita ake auna tsawon zangon haske. Idon mutum daga kusan nanomita 400 zuwa 700 yake gani, ita kuwa faiba da 850, 1310, 1490 ko 1550 take aiki. Ko layin na cike da haske, duhu za ka gani. Da rana ce ta doke ka, ido zai ƙifta da kansa, amma wannan hasken ido bai san da shi ba balle ya kare kansa. Ka ci sa'a layin gida ne. A manyan layukan da ake ƙara wa ƙarfi abin ya wuce wasa, musamman ga mai duba bakin waya da madubin ƙara girma, wanda ke tattara hasken ya cusa shi ido. Mitar auna haske ce ke faɗin ko layi na da rai. Mayar da wayar ka kira kamfaninka, kuma idan ka taɓa bakin da yatsa ka gaya musu su goge, don hanyar hasken maikuron 9 ce kacal, maiƙon yatsa ya isa ya dushe ta.

*"Na gama koyon aiki, na tara kuɗi na sayi injin haɗa zare. Abin da ya rage kaɗan ne. Na ga tabarau an rubuta yana kare leza, da bel ɗin hawa mai araha, ba su da sunan kamfani. In saya?" (Sabon ma'aikaci)*

Ɗana, Allah ya sa albarka a sana'ar. Amma yau sai ka yi haƙuri da ni, don ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi.

Na gaji da ganin matashi ya zuba duk abin da ya tara a kan inji, ya saya masa jaka, yana lallaɓa shi kamar ƙwai, amma da an zo kan idonsa da ƙashin bayansa sai ya nemi mafi araha. Injin idan ya lalace ana gyarawa.

Tabarau iri biyu ne, kada a ruɗe ka. Na farko fari ne mai kariya a gefe, aikinsa hana guntun gilashi tsalle cikin ido. Wannan shi ne na kullum, ba shi da tsada, ka nemi mai tambarin inganci na EN 166 ko Z87 a jikinsa. Na biyu shi ne na leza, kuma na gaskiya sai an rubuta a jikinsa tsawon zangon hasken da yake tarewa da kuma lambar OD, wato yawan abin da yake ragewa. Wanda aka rubuta masa "yana kare leza" kawai, ba lamba ba komai, roba ce mai launi. Jabun ma ya fi rashinsa haɗari, don mara tabarau yana tsoro ya kau da kai, mai jabu kuwa zuba ido yake yi da ƙarfin gwiwa. Haka baƙin tabarau na rana, ba a yi shi don wannan aikin ba. Ga mai aikin gidaje, kashe layin da auna shi da mita sun fi kowane tabarau.

Bel ɗin hawa kuwa, nan ne ba na sassauci ko kaɗan. Na kirki yana kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, da lambar EN 361 ko makamanciyarta, da ranar da aka yi shi, da sunan wanda ya yi. Ka juya shi ka duba ɗinkin, ka ja ƙugiyar ka ji ko tana kullewa da kanta. Wanda ba suna, wa za ka kama idan ya tsinke? Kuma kada ka sayi na hannu, don wanda ya taɓa tare mutum a faɗuwa ya gama aikinsa ko da ido bai nuna ba. Araha ba ta ado. Idan kuɗin bai kai ba, ka bar aikin sama tukuna ka tsaya a na ƙasa.

Da ɗan canjin da ya rage ka sayi hantsaki, baƙar shimfiɗa don guntaye su fito fili a kanta, da kwalba mai murfi. Ni da kaina na taɓa kakkaɓe tebur da hannu cikin gaggawa, guntu ya shige mini babban yatsa. Ba jini, ba alama, sai dai duk lokacin da na riƙe alƙalami in ji kamar ƙaya. Sai da aka sa fitila da madubi kafin aka zaro shi. Tun ranar ba na ci ko sha a wurin aiki, ba na sosa ido sai na wanke hannu. Ka kuma tuna sifirit ɗin goge zare yana kama wuta, injinka kuma da tartsatsin lantarki yake narka gilashi. Rufe kwalbar kafin ka danna, sigari kuwa a nesa.

*"Tsanin alminiyam ya fi sauƙin ɗauka. Tunda faiba ba ta ɗaukar wuta, ba shi ke nan ba?" (Mai jan waya)*

Gilashin ne ba ya ɗauka. Wayar da yawa tana da sulken ƙarfe ko igiyar ƙarfe da ke riƙe ta, kai kuma jikinka yana ɗauka sarai. Sayi tsanin faibagilas, wanda ba ya ɗaukar wuta kamar na alminiyam. Ka bar aƙalla mita 3 tsakaninka da layin lantarki, fiye da haka idan babba ne. Duk mita 4 na tsawo, ka janye gindin tsanin mita 1 daga bango, wani ya riƙe maka.

*"Na samu ragowar baƙar waya ta waje da sauƙi. Zan iya zagaye ofis da ita?" (Mai ofis)*

A'a. An yi fatarta don rana da ruwa, idan gobara ta tashi tana ci, tana turnuƙe wuri da hayaƙi. Ta shigo ta tsaya a bakin gini, ciki ka sayi mai alamar LSZH, wato wadda ba ta yawan hayaƙi idan ta ƙone. Wajen ja kuma kada a karya ta a kwana: a lanƙwasa ta kamar gefen da'ira, kuma daga tsakiyar da'irar zuwa wayar kada ya gaza ninki 20 na kaurinta.

*"Maigidanmu ya ce in shiga ramin waya na ƙarƙashin titi, minti biyar kawai. Na shinshina ban ji wari ba, amma gabana na faɗuwa." (Ɗan koyo)*

Faɗuwar gaban nan ita ce daidai, ɗana, kada ka ji kunyarta. Hanci ba ma'auni ba ne. Ƙarancin iskar oksijin ba shi da wari, iskar gas ta mitan ma haka, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa idan ta yi yawa hancin take fara kashewa. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin 100, idan ya gaza 19.5 ba a shiga. Sai an zura na'urar auna iska an duba sama da tsakiya da ƙasan ramin, an hura iska, an ɗaura maka igiya, an ajiye mutum a baki wanda ba zai gusa ba. Shi ma a gaya masa tun farko, idan ka faɗi ya jawo ka da igiyar ya nemi taimako, kada ya faɗa ciki, don sau da yawa mai ceto ne ke zama na biyu. Sayen na'urar nan nauyin maigidanku ne. Ka gaya masa cikin ladabi, ranar da ya kawo ta za ka shiga.