Bin Loveland Pass a lokacin ƙanƙara

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana iya hawa Loveland Pass, wata mashigar dutse da ke jihar Kolorado ta Amurka in sanyi ya kankama, da abin da ake yi a can. Ana hawa sosai. Hanya mai lamba 6 ce ta ratsa ta kan dutsen, tsayin wurin mita 3,655, kuma ana share ta duk shekara, domin tankokin mai ba sa bin ramin Eisenhower, hanyar mota ta cikin dutse da aka buɗe a 1973, ta nan suke bi. Sai dai in ƙanƙara ta sauka da yawa, akan rufe ta na ɗan lokaci.

Mai son zamiya a kan ƙanƙara yana da filaye biyu a gindin dutsen, Arapahoe Basin da Loveland. Wasu kuma sukan ajiye mota a ƙoli su gangara ta daji, su tsaya a kwanar hanya suna ɗaga hannu a mayar da su sama. Nan ne nake so ka yi hattara. A Afrilun 2013 ƙanƙara ta zabtaro kusa da wurin ta kashe mutum 5. Kada ka shiga dajin kai kaɗai, ka duba hasashen zabtarewar ƙanƙara na ranar, ka ɗauki shebur da na'urar da ake gano wanda ƙanƙara ta binne.

Iskar sama ba ta da kauri, taku kaɗan za ka ji kana haki. Ka yi a hankali, ka riƙa shan ruwa.