Kun Tambaya: Wai Biretan ƙasa ce mai sarautarta kafin Faransa ta haɗiye ta?

Tambaya daga wani mai karatu a Marwa: Assalamu alaikum Malam, ƙanina yana karatu a birnin Ren, ya ce mutanen can suna da tutarsu baƙi da fari da yarensu daban, har suna cewa da can su ba Faransawa ba ne. Gaskiya ne ko tatsuniya?

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, ƙaninka bai yi ƙarya ba. Biretan, inda birnin Ren yake, yanki ne da ya kutsa cikin teku a yammacin Faransa, kuma daga wajen 939 lokacin da Alan Barbetort ya kori 'yan Viking masu kai hari ta ruwa, mutanen yankin sun yi ɗaruruwan shekaru da sarkinsu da ake kira duk. Kamar dai lamidon da ke gaida sarkin da ke sama da shi amma haraji da shari'a da dakaru duk a hannunsa suke.

Abin da ya fi ci mini rai a tarihinsu shi ne yadda gidajen sarauta suka riƙa cin junansu. A 1341 duk Jan na uku ya mutu bai bar ɗa ba, sai gidan Monfor da gidan Pantiyebir kowa ya ce gadon nasa ne, Ingila ta goyi bayan Monfor, Faransa ta goyi bayan ɗayan, aka yi ta zubar da jini fiye da shekara ashirin sai a 1364 a yaƙin Ore aka kashe Shal na Buluwa, jagoran ɓangaren Pantiyebir, gidan Monfor ya hau. To amma tun daga nan maƙwabta sun gane ta inda bango ya tsage.

A 1488 sojan Faransa suka ci Biretan da yaƙi, kuma wasu manyan gida irin Jan na biyu na gidan Rohan suna ɓangaren Faransa, abin takaici wallahi. Sarkinsu, duk Faransuwa na biyu, ya rasu a shekarar, ya bar 'yarsa An, yarinya 'yar shekara 11. Ita ce ta fi ba ni tausayi, an kewaye ta a Ren da sojoji, a 1491 ta auri sarkin Faransa Shal na takwas, da ya mutu kuma ta auri magajinsa Luwi na sha biyu a 1499, duk da haka ta yi ta fafutukar kare 'yancin ƙasarta har ta rasu a 1514. 'Yarta Kulod ta auri Faransuwa na ɗaya wanda ya zama sarkin Faransa, a 1532 aka haɗe Biretan da Faransa a hukumance.

Gidan Rohan kam har yau suna riƙe da fadarsu a Joslan. Ka ce wa ƙaninka in ya samu hutu ya hau jirgin ƙasa zuwa Nant ya ga fadar sarakunan Biretan ɗin, ya kuma tsaya wajen tunawa da bayi a bakin kogi, don Nant ce tashar Faransa da ta fi safarar bayi daga Afirka.