Amsa ga mai tambayar yadda zai gano asalin tsohuwar Marsandinsa

Salam ɗan'uwa, Allah ya sa alheri da wannan mota. Ka ce ka sayi Marsandi samfurin W123 da aka yi wa gyara tsaf, kana so ka san yadda ta fito daga kamfani da kuma abin da aka canza mata daga baya. Nima irin ta gare ni, kuma na sha wannan hanyar, bari in faɗa maka yadda na bi.

Abu na farko ka ajiye labarin mai sayarwa gefe tukuna, ba wai don maƙaryaci ba ne, sau da yawa shi ma abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Ka buɗe bonet ka nemi lambar chasis da aka buga a jikin ƙarfe, a bangon da ya raba inji da cikin mota, ba wadda ke kan ɗan faranti kawai ba, don faranti ana iya cirewa a maƙala wani. Ni tawa an sayar min ita a matsayin 230E, ga tambarin a bayan but yana ƙyalli, amma da na goge wajen da tsumma da ɗan fetur na haska tocila sai na ga 123.023. To wannan lambar 230 ce mai kafireto, 230E lambarta 123.223 kuma sai 1980 aka fara yin ta. Na koma kan injin na duba tasa lambar, ta fara da 102, wato injin M102 ne, alhali 230 da injin M115 ta fito. Wallahi ranar raina ya ɓaci, na zauna gaban motar na daɗe ban ce komai ba, amma daga nan ne na fara sanin ta da gaske.

Ka lura da lambobi biyun da ke bin waɗancan shida ɗin, suna da magana sosai. 10 na nufin sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 sitiyarin hagu otomatik, 20 da 22 kuma na dama ne. Idan taka ta ce 12 kai kuma kana taka kuloci, ka san an canza giyabos, ba sai ka tambayi kowa ba.

Sai katin bayanan kamfani, Jamusawa na ce masa Datenkarte. Wani lokaci yana nan cikin littafin sabis, in babu ana nema ta sashen tsofaffin motoci na Mercedes-Benz, za su buƙaci shaidar cewa motar taka ce. A ciki akwai lambar injin da ta fito da shi, kalar fenti, kayan kujeru da duk ƙarin da mai ita na farko ya biya aka sa masa, kowanne da lambarsa, misali 580 esi ne, 410 rufin da ke zugewa da lantarki. Nawa katin ya nuna 040, wato baƙa, ita kuwa ga ta fara fat. Na ɗaga kafet ɗin but na janye robar ƙofa kaɗan, sai ga baƙin nan kwance yana nan yadda yake, mai fenti ba ya kai hannu irin waɗannan lungunan.

Fitilu ma ka duba. Masu ƙaramin inji na farko fitilu zagayayyu biyu biyu gare su, sai a 1982 aka mayar da duka masu kusurwa, mutane da yawa kuma sun canza don ta yi kama da sabon yayi. Ka samu mayen ƙarfe ka naɗe shi da ƙyalle ka bi gefen taya da ƙasan ƙofofi, inda ya ƙi kamawa foti aka cika, ko tsatsa ko tsohon hatsari.

Ni dai a ganina kar ka yi saurin cire abin da aka canza. Injin 102 ɗin na bar shi don lafiyarsa kalau kuma ya shekara da shekaru a cikinta, tambarin ne kawai na cire na sa 230 ɗinta, kuma na buɗe littafi na rubuta duk abin da na gano da hotuna saboda wanda zai riƙe ta bayana. Ka turo lambobi takwas na farko na chasis ɗinka da shidan farko na injin, sauran ka rufe su, in sha Allahu sai mu duba tare.