Koyiloba a ƙaramar mota: wacce zan saya?

Tambaya: Malam, ina son sa wa Toyota Yaris ɗina koyiloba, shokar nan mai haɗe da sifirin da ake iya ɗagawa ko saukewa. Zirga-zirgar cikin gari kawai nake yi.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba taurin sifirin, wato nauyin da ke matse shi milimita ɗaya. Kilo 4 zuwa 5 kan kowace milimita a gaba, kimanin 3 a baya, sun wadatar. Na tsere mai kilo 10 kuwa, taya za ta riƙa tsalle a gargada, bayanka ya sha wuya. Zaɓi koyiloba mai roba a kanta, inda take haɗuwa da jikin mota, don mai ƙwallon ƙarfe a wurin ƙara gare ta. Kada ka sauke motar fiye da milimita 30, in ba haka ba shoka na iya riƙa ƙurewa a rami har ta fara yoyon mai. Shafa giris a zaren jikin shokar, inda ake murɗawa a ɗaga ko a sauke, kafin ɗaurawa, don ƙura da tsatsa na liƙe shi. Bayan mako ɗaya, in sifirin ya zauna, a yi alaimen, wato saitin tayoyi.