Amsar Baffa kan Makin WAEC da Al'adar Ba da Maki a Holan

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun kafin ki cike takardun neman gurbin karatu. Kin ce kin sami A1 uku, B huɗu da C biyu a jarrabawar WAEC, kina so ki san yadda ake mayar da su lissafin 'yan Holan na 1 zuwa 10, kuma wata ƙawarki ta ba ki shawarar ki rubuta 10 a gurbin kowace A1. Kada ki bi wannan shawara, kada ma ki juya makin da hannunki ko kaɗan, domin a tsarinsu wannan aikin makarantar da kike nema ne, ke kuwa abin da ake so daga gare ki shi ne takardarki kamar yadda aka ba ki ita.

Abu na farko da ke rikita mutanenmu shi ne lissafin biyu sun juya wa juna baya. A WAEC ƙaramar lamba ita ce mai daraja, A1 ce a sama, F9 kuma faɗuwa ce, alhali a Holan 9 maki ne da ɗalibi kan yi shekara bai gan shi a takardarsa ba. A can 6 ne matakin cin jarrabawa, galibi kuma 5.5 ya isa saboda ana cika shi ya zama 6. Yawancin ɗalibai tsakanin 6 da 8 suke, 8 maki ne na wanda ya yi ƙoƙari sosai, 10 kuwa malami ba ya bayar da shi sai aikin da ya rasa inda zai gyara. Shi ya sa jami'o'i da yawa ke ba da shaidar yabo ta cum laude ga wanda matsakaicin makinsa ya kai 8.

Na san nauyin wannan a jikina. A jarrabawata ta farko lokacin da nake karatu a can, na buɗe takarda na ga 7, na koma ɗaki na kasa cin abincin dare, ina tunanin me zan faɗa wa waɗanda suka yi ɗawainiyar tura ni, domin a gida na saba da A. Washegari na sami malamin a ofishinsa na roƙe shi ya nuna mini inda na gaza. Ya buɗe takardar a gabana shafi bayan shafi, ya nuna mini wuri biyu kacal da hujjata ta yi rauni, sannan ya ce bakwai maki ne mai kyau, shi kansa ya sha samunsa yana ɗalibi. Daga baya na ji su da kansu suna kukan wata ɗabi'a da suke kira zesjescultuur, wato gamsuwa da shida, inda ɗalibi ke yin iya abin da zai tsallake da shi kawai. Wannan kada ki kwaikwaya, amma ki sani idan kika rubuta 10 uku, duk ma'aikacin da ya duba zai gane nan take cewa lissafin gida ne, kuma zai fara shakkar sauran abin da kika rubuta. Idan kuma kika ce A1 daga kashi 75 take farawa, saboda haka 7.5 ce, to kin rage wa kanki daraja da hannunki.

Abin da ya fi makin muhimmanci, wanda ban ga kin ambata ba, shi ne matakin takardar kanta. Yaran Holan sukan rabu gida uku a makarantun sakandare tun suna kimanin shekara 12: VMBO shekara huɗu, HAVO shekara biyar, VWO shekara shida. Mai VWO ne ke shiga jami'ar bincike kai tsaye, irin su Leiden, Utrecht da Wageningen, mai HAVO kuma yana shiga makarantun da suke kira hogeschool, inda karatun digiri yake shekara huɗu kuma ya karkata ga aikin da mutum zai yi. Hukumar Nuffic ita ce ke auna takardun ƙasashen waje ta ba makarantu shawara, kuma takardar WAEC mai sakamako irin naki a matakin HAVO ake ajiye ta. Ma'ana, ko A1 tara kika kawo, ba za su ɗaga takardar zuwa VWO ba. Na ga iyaye sun ɗauki wannan a matsayin raini, ni kuwa ina ganin auna tsawon karatu da zurfin manhaja ne, ba auna basirar yaro ba.

Hanya ba ta toshe ba. Kina iya shiga hogeschool, idan kika kammala shekarar farko da suke kira propedeuse ki nemi komawa jami'ar bincike, ko da yake wasu fannoni kan ƙara sharaɗi, musamman a lissafi. Kina kuma iya fara digiri a gida, daga baya ki nemi digiri na biyu a can, wanda ita ce hanyar da ni na bi.

Ana neman gurbin karatu a can ta shafin intanet na Studielink. Fannonin da aka ƙayyade yawan ɗalibansu suna rufe karɓa ranar 15 ga Janairu, sauran kuma kowace makaranta da ranar da ta sa wa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, don haka ki duba da wuri. Ki tanadi ainihin takardar WAEC da katin duba sakamako, ki tabbatar sunanki a jikinta ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Ki turo mini sunayen fannonin da kike so kafin Juma'a mu duba sharuɗɗansu tare, kuma ki gaishe mini da mahaifiyarki.