Lissafin ƙarfin maganaɗisun lantarki

Ɗan'uwa daga Gombe, ka ce ka naɗa wayar jan ƙarfe zagaye 500 a kan bututun roba mai tsawon santimita 10, kana son sanin ƙarfinsa.

Fara auna amfiya, wato yawan wutar lantarkin da ke bi ta cikin wayar, da na'urar auna wuta, kada ka yi kirdado. A ce 2 ka samu. Ninka 500 da 2, ka raba da tsawon naɗin a ma'aunin mita, wato 0.1, za ka samu 10,000. Ninka wannan da 0.00000126, lambar da ba ta canzawa a wannan lissafin, amsar ita ce kusan tesla 0.0126 a tsakiyar bututun (tesla ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). A bakinsa kuwa kusan rabi ne.

Zura sandar ƙarfe ciki yana ƙara ƙarfin sosai, amma ƙarfe kan ƙoshi wajen tesla 2, ƙarin amfiya daga nan zafi kawai zai jawo har rufin wayar ya ƙone.