Tambaya da Amsa: Yaya zan sa bangon littattafaina uku su dace da juna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu da suka wuce na buga littafi na ɗaya na wani dogon labari da na kasa kashi uku. Bana na buga na biyu, amma da na jera su a kanta sai na ga na biyun ya ɗara na farko tsawo kaɗan, koren bangonsa ya fi duhu, lambar da ke gefensa kuma ba ta zauna daidai da ta ɗan'uwansa ba, alhali mutum ɗaya ne ya zana mini duka biyun. Yanzu ina shirin buga na uku. Mene ne ya jawo haka? Kuma zai yiwu in yi irin abin da nake gani a littattafan malamai, inda suna ɗaya yake ratsa gefen mujalladai gaba ɗaya? Daga wata marubuciya a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Abin da ya same ki yana samun marubuta da yawa, kuma tushensa guda ne: an buga littafi na farko ba tare da an rubuta ma'auninsa an ajiye ba, da aka zo na biyu sai kowa ya yi aiki da abin da idonsa ya tuna. Mai zane ɗaya ba ya wadatarwa, domin bango yana bi ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ya iso gare ki, daga mai zane zuwa mai injin bugawa, da mai manna leda, da mai ɗaurewa, da mai yanka, kowannensu kuma yana iya gusawa da milimita ɗaya ko biyu. A littafi guda wannan ba ya fitowa fili, sai ranar da aka jera biyu kafaɗa da kafaɗa.

Tsawo shi ne mafi sauƙin bayani. Idan kika ce wa maɗaba'a girman A5 kike so, a ƙa'ida faɗinsa milimita 148 ne, tsawonsa 210. Amma bayan an ɗaure littafi sai an datse gefensa uku don ya yi sumul, kuma idan ba a ba mai yanka adadi a rubuce ba, wani zai bar shi a 208, wani a 205. Saboda haka ki ɗauki rula ki auna littafinki na ɗaya da kanki, ki rubuta tsawonsa da faɗinsa da milimita, ki kuma kai wa mai yanka kwafi guda ya ajiye a gefen injinsa. Ko da ma'aunin na farkon bai yi miki ba, shi ne ya riga ya shiga gidajen mutane, don haka shi za a bi.

Batun launi ya fi wannan zurfi. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, shi kuwa injin ɗab'i da tawada huɗu yake haɗawa, waɗanda ake taƙaitawa da haruffan CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Koren da kike gani a bango cakuɗa ce ta shuɗi da rawaya, wani lokaci da ɗan baƙi, kuma da zarar mai injin ya ƙara tawadar ɗaya kaɗan sai koren ya sauya. Bayan wannan akwai kwalin da aka buga a kai, domin wani fari ne tas, wani kuma yana da ɗan ruwan madara. Akwai ledar da ake manna wa bango, mai sheƙi tana ƙara wa launi ƙarfi da zurfi, marar sheƙi tana kwantar da shi. Sannan akwai rana. Tawadar rawaya da ta ja sun fi saurin koɗewa, shi ya sa fastar da ta daɗe a jikin bango take komawa shuɗi-shuɗi. Littafin da ya shekara biyu a shago ko kusa da taga ba zai zama ma'aunin launi na gaskiya ba, sai a nemo kwafin da ya zauna cikin kwali a rufe.

Abin yi a nan shi ne ki nemi mai zanen ya ba ki adadin kowace tawada a cikin koren na farko, kashi nawa cikin ɗari na shuɗi, nawa na rawaya, ya kuma ba ki asalin fayil ɗin aikin, na CorelDraw ne ko na wata manhaja, tare da salon haruffan da ya yi amfani da su. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba ya maye gurbin wannan, domin an matse shi, launinsa kuma na fuskar waya ne. Manyan kamfanoni suna amfani da tawada ta musamman mai lamba, irin ta Pantone, wadda ake haɗawa tun kafin a zuba a inji, sai dai tana ƙara kuɗi, kuma ba kowace maɗaba'a ce take yi ba. Abin da bai fi ƙarfin kowa ba shi ne ki je da kanki ranar da za a buga bangon, ki riƙe na farko a hannu, a fito da gwajin waje cikin hasken rana a haɗa su, ki kuma tuna cewa na hannunki yana da leda, na injin bai samu ba tukuna.

Yanzu sai gefen da aka ɗaure shafuka, wanda zan riƙa kira gadon baya, domin a nan ne aikin ya fi buƙatar lissafi. Kaurinsa yana fitowa daga yawan shafuka da irin takardar. Kowane falle shafi biyu ne, kuma fallen takardar da ake kira mai giram 80 (wato nauyin murabba'in mita ɗaya nata) yana da kaurin kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ke nan littafi mai shafi 240 falle 120 ne, gadon bayansa wajen milimita 12, mai shafi 320 kuwa zai kai wajen 16. Wannan kintace ne kawai, domin takardu biyu masu giram ɗaya suna iya bambanta a kauri, saboda haka mafi aminci shi ne maɗaba'a ta ƙirga fallayen daga ainihin takardar da za a yi aikin da ita, ta danne su ta auna, sannan a ba mai zane adadin. Kada a yarda ya zana gadon baya kafin an gama tsara shafukan ciki an san yawansu.

Tunda kaurin mujalladai yana bambanta, ba a nan ake neman daidaito ba, a tsaye ake nemansa. Littattafai a kan gindinsu suke tsayawa, don haka duk abin da ke gadon baya daga ƙasa ake auna shi. Idan lambar littafi na ɗaya tana milimita 20 daga ƙasa, ta na biyu da ta na uku ma nan za su zauna, haka sunan marubuciya, haka tambarin mai bugawa. Kuskuren da na fi gani shi ne mai zane ya bar kwamfuta ta tsakaita masa rubutun, sai ya zamana littafin da sunansa ya fi tsawo ya ture lambar ƙasa, mai gajeren suna kuma ya ja ta sama. Girman haruffa shi ma ɗaya zai kasance a duka, kuma wanda zai shiga mujalladi mafi siranta shi ake zaɓa, a bar aƙalla milimita ɗaya da rabi a kowane gefen rubutun saboda gocewar ninki. Ina kuma ba da shawarar launin gadon baya ya zarce ya ɗan shiga bangon gaba da na baya, domin idan aka yanke shi daidai kan ninkin, gocewa kaɗan za ta fito kamar zare a gefen littafin. Sai a tsaya kan alƙibla ɗaya ta rubutu. Littattafan Ingila da Amurka daga sama zuwa ƙasa ake karanta gadon bayansu, na Faransa da Jamus galibi daga ƙasa zuwa sama, kuma ana samun mai zanen da ya bi wannan bana, baɗi ya bi wancan ba tare da ya lura ba.

Game da bangon gaba, kada neman dacewa ya sa su zama abu ɗaya har mai saye ya kasa bambance su. Mu da muka saba da littattafan da ake bugawa a Kano kashi-kashi tun shekarun 1980 mun san wannan. Yawancinsu sirara ne, da waya ake ɗinke su a tsaka, ba su da gadon bayan da za a yi rubutu, sau da yawa kuma hoto ɗaya ne a kan duka kashin, sai ƙaramar lamba a kusurwa, har mutum ya koma gida da na biyu sau biyu. Hanyar da ta fi ita ce a kafe abubuwa uku, wato wurin suna, salon haruffa da tsarin shafin, a saki abu ɗaya ya riƙa sauyawa, ko hoto ko launi, lambar kuma a yi ta babba. Kamfanin Penguin na Ingila da ya fara a 1935 da haka ya yi suna: tsari ɗaya mai ratsi uku a kwance, launi ne kaɗai ke sauyawa, ruwan lemo na ƙagaggun labarai, kore na labaran bincike da laifi, shuɗi mai duhu na tarihin rayuwar mutane. Jerin marubutan Afirka da kamfanin Heinemann ya soma a 1962, wanda Chinua Achebe ya zama mai ba shi shawara na farko, shi ma da ruwan lemon nan aka san shi, har ɗalibi yana hango shi daga nesa a ɗakin karatu.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ta fi ba ni sha'awa. Abin da kike gani a ɗakunan malamai, inda sunan littafi kamar Fathul Bari na Ibn Hajar yake ratsa mujalladai goma sha wani abu da ruwan zinare, aiki ne da maɗaba'un Beirut da Alƙahira suka ƙware a kai, kuma abin da ya sa yake yi musu kyau shi ne littafin ya riga ya kammalu tun ƙarnoni da suka wuce. Sun san yawan mujalladan, sun san kaurin kowanne, sun buga su a lokaci guda da takarda ɗaya da bango ɗaya, kuma a jere ake sayar da su. Zanen guda ake yi mai faɗin dukan jerin, sannan a yanyanka shi gwargwadon kaurin kowane mujalladi, ba a raba shi daidai wa daida ba. Idan kin lura kuma, kowane mujalladi yana ɗauke da cikakken suna da lambarsa da ƙananan haruffa, saboda idan an are shi shi kaɗai a gane shi. Akwai wani abu da masu kwaikwayon wannan salo suke mantawa: rubutun Larabci daga dama yake tashi, don haka mujalladi na ɗaya a dama yake tsayawa, na boko kuwa a hagu. Wanda zai sa suna da ajami a littafin da cikinsa boko ne, sai ya yanke shawarar ta inda za a jera su kafin a zana komai.

A halin da kike ciki, gaskiya ban ga hanyar yin wannan a littafi na uku shi kaɗai ba, tunda biyun farko sun riga sun fita ba tare da rabonsu na zanen ba. Na taɓa karɓar aikin wani marubuci da ya nace a raba hoto ɗaya gida huɗu alhali kashi biyu kawai ya rubuta. Da ya zo na uku labarin ya yi tsawo, littafin ya kusa ninka na farko kauri, daga baya kuma ya ga sai ya ƙara na biyar, hoton ya tashi babu inda ya haɗu, kuma na ji ciwon abin ƙwarai domin labarin mai kyau ne. Masu faifan fim sun fi samun sauƙi a nan, domin gidan faifan DVD na yau da kullum kaurinsa milimita 14 ne komai tsawon fim ɗin, shi kuwa littafi sai an rufe shafinsa na ƙarshe ake sanin kaurinsa.

Shawarata ita ce ki buga na uku bisa ma'aunin na ɗaya, tsawo da kore da wurin lamba, ki bar na biyu ya zama shi kaɗai ne ya ɗan kauce. Idan akwai sauran kwafinsa da yawa a hannunki, kuma rubutun ciki yana da isasshen fili a sama, mai yanka zai iya rage masa tsawon ya daidaita da na farko, sai dai a gwada da kwafi ɗaya tukuna, kuma daga sama za a rage. Ranar da bugun farko ya ƙare kika tashi sake buga ukun tare, a lokacin ne za ki iya cika burinki na suna ɗaya mai ratsa su, domin kin san kaurin kowanne, za a kuma iya jera bangon ukun a kan babban kwali ɗaya su sha tawada ɗaya a rana ɗaya. Kowane mujalladi yana buƙatar lambarsa ta ISBN daban, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayarwa, ita ma a ajiye mata wuri ɗaya a bangon baya na dukansu. Kafin ki koma maɗaba'a, ki samu takarda guda ki rubuta tsawo da faɗi, giram ɗin takardar ciki da na kwalin bango, irin ledar, adadin tawadar launi, sunan salon haruffa da girmansu, da nisan kowane abu daga ƙasa. Ki ba mai zane kwafi, ki ba maɗaba'a kwafi, ki ajiye ɗaya tare da littafi na farko guda biyu a cikin kwali inda rana ba ta kaiwa.